MAI DANGWALE DA MAI SA HANNU

Duk wanda ya koyi karatu da girmansa ba ya mance ranar da aka miƙo masa takarda, aka turo masa tawada don ya dangwala babban yatsa, shi kuwa ya ture ta gefe ya ce a ba shi alƙalami. Kafin wannan rana, abin da akawu ya ce takarda ta ƙunsa, shi ta ƙunsa. In ya ce rasit ne, rasit ne. In kuwa takardar jinginar gona ce aka kira ta rasit, sai shekara ta kewayo a ji bayani a gaban alƙali. To, dangwalen nan da a ke tsammani an rabu da shi, ashe kama ya sake. Yanzu yana zaune a ofisoshi da shaguna da makarantu, a gaban kwamfuta, kuma masu yinsa mutane ne masu takardun shaida, waɗansu har da digiri.

Mutum ya zauna, kwamfuta ta jera masa 'yan hotuna, ya kai kibiya kan ɗaya ya danna. Ta tambaye shi ko ya yarda, ya danna ya yarda. Abin da ya gudana a cikinta bai sani ba, abin da aka aikata da sunansa bai gani ba. Ran da ta ƙi tashi, sai ya rungume ta ya kai wa mai gyara, da takardun ofis, da lissafin shago na shekara uku, da hotunan iyali, duk suna ciki. Mai gyara ya leƙa, ya ce sai an goge kome an sake zubawa. Shi kuma ya ce to. Ina bambancinsa da wanda akawu ya karanta wa takarda?

Wannan hali yana da masu ɗaure masa gindi, kuma da su a ke magana a nan. Su ne masu cewa rubuta wa kwamfuta umarni da hannu aikin injiniyoyi ne, talaka ya tsaya ga danna hoto. Ana jin wannan magana a bakin masu sayar da kwamfuta, ana kuma jinta a makarantun da su ke karɓar kuɗin mutum wata uku, su koya masa buga wasiƙa da zana jadawali, su ba shi takarda cewa ya iya kwamfuta. In ɗalibi mai ƙwazo ya yi kuskure ya buɗe baƙin allon nan da ba shi da hoto ko ɗaya, sai wata 'yar alama tana ƙyaftawa tana jira, malami ya kan yi maza ya rufe, ya ce wannan ba nasa ba ne. Alhali kuwa nan ne kaɗai wurin da kwamfuta ta ke sauraron mai ita baki da baki.

Ya kamata a fara bayyana ko mene ne wannan allo, domin yawancin tsoronsa rashin sani ne. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita. A dubi gyaɗa: akwai ƙwaya a ciki, akwai ɓawo a waje. Ƙwayar babbar manhaja ita ke hulɗa da ƙarfen na'urar, ita ke raba wa kowane aiki lokacinsa da wurinsa. Mutum ba ya taɓa ƙwayar kai tsaye, sai ta ɓawon. Masu sana'ar suna kiran ɓawon nan shel, kuma ma'anar kalmar ke nan, ɓawo. Aikin shel guda ne: mutum ya rubuta umarni, shi ya karanta ya sa a aikata, ya kawo amsa a rubuce. In aka rubuta ls, sai ya jero sunayen fayilolin da ke wurin. In aka rubuta cp, ya kwafa. In aka rubuta mv, ya ɗauke daga nan ya kai can. Idan kuwa aka tara umarni da yawa a cikin fayil guda, ɗaya bayan ɗaya, don shel ya bi su da kansa ko mai su yana barci, wannan ita ce takardar umarni, kuma iya rubuta ta shi ne ilimin da a ke hana mutane.

Asalin abin daga Amurka ne. A shekarar 1969, a ɗakunan bincike na kamfanin waya da a ke kira Bell Labs, Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu suka fara wata babbar manhaja mai suna Unix. A 1979 ta fito da shel ɗin da Stephen Bourne ya rubuta, wanda har yau nahawunsa a ke bi. Amma Unix mallakar kamfani ce, ba kowa ke da ikon gyara ta ko raba ta ba. A 1983 Richard Stallman ya shelanta cewa zai gina irinta wadda kowa zai iya amfani da ita, ya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa, ya sa wa aikin suna GNU. Cikin wannan aiki ne Brian Fox ya rubuta shel ɗin da a ke kira bash a 1989. Ƙwaya ce ta rage. A 1991 wani ɗalibin jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, yana da shekara 21, ya rubuta ƙwayar da aka sa wa suna Linux. Aka haɗa ɓawo da ƙwaya, gyaɗa ta cika. Daga nan mutane suka riƙa shirya ta iri-iri, kamar Debian da aka fara a 1993, da Ubuntu da Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya kafa a 2004. Duk wanda ya ga dama ya ɗauka, ba a biyan ko anini.

Hujjar farko ta masu ɗaure wa dangwale gindi ita ce wai wannan tsohon yayi ne, duniya ta wuce nan tun da aka kawo hotuna da kibiya. Wannan magana ba ta buƙatar dogon musu. Sau biyu a shekara a kan fitar da jerin kwamfutoci 500 da suka fi kowace ƙarfi a duniya, kuma tun watan Nuwamba na 2017 duka ɗari biyar ɗin Linux ke tafiyar da su. Wayar Android da ke aljihun mai sayar da goro, ƙwayar Linux ce a cikinta. Shugaban kamfanin Microsoft na wancan lokaci, Steve Ballmer, ya kira Linux ciwon daji a 2001. A 2016 kamfanin da kansa ya buɗe hanyar sa bash a cikin Windows, domin ma'aikatan da ya ke son riƙewa ba su iya aiki ba tare da shi ba. Tsohon yayin da abokin gaba ya ɗauka ya kai ɗakinsa, ai da sauran ƙarfinsa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne a ga abin da rubutu ke iyawa wanda dannawa ba ta iyawa. Hoto a kan allo tamkar takardar cikewa ce da wani ya riga ya buga. Abin da ya tanada shi za a zaɓa, abin da bai tuna da shi ba babu shi. Shi kuwa mai tanadin yana wata ƙasa, bai san damuwar mai amfani ba. Ga misali daga Hausa kanta. Shekaru da yawa masu buga rubutu ba su da haruffa masu lanƙwasa a kan na'urarsu, sai su buga k' a madadin ƙ, d' a madadin ɗ, b' a madadin ɓ. A ce wani malami yana da fayil 300 na darussa da aka buga haka. Mai dannawa zai buɗe su ɗaya-ɗaya, ya nemo, ya sauya, ya adana, ya rufe, sau ɗari uku, kowane fayil kuma harafi uku. Mai rubutu zai rubuta layi guda:

sed -i "s/k'/ƙ/g; s/d'/ɗ/g; s/b'/ɓ/g" *.txt

Kafin ya ɗauke hannunsa an gama. Babu wani tsafi a ciki. Kalmar sed sunan mai gyaran rubutu ne, s tana nufin a sauya, g tana nufin ko'ina aka gani, tauraron nan kuwa yana nufin kowane fayil. Mai lura zai ga cewa layin bai taɓa manyan haruffa ba, sai ya ƙara su da kansa, kuma wannan ƙarin da ya yi da hankalinsa ya fi takardar shaidar wata uku daraja. Abin sha'awa ma, tsarin da ya sa ƙ da ɗ da ɓ su ke zama daidai a shel, wanda a ke kira UTF-8, shi dai Ken Thompson ɗin nan ne da abokinsa Rob Pike suka tsara shi a 1992.

Har wa yau akwai wata dabara da a ke kira bututu, wadda Douglas McIlroy ya daɗe yana nema har aka sa ta cikin Unix a 1973. Alamarta tsayayyen layi ne kamar alif. Ma'anarta, abin da umarni na farko ya fitar, a zuba shi cikin na biyu, na biyu ya zuba wa na uku, kamar masu miƙa bulo a wurin gini. Kowane umarni ƙaramin aiki ɗaya ya iya, amma in aka jera su sai su yi aikin da ba wanda ya tanada. A 1986 aka roƙi Donald Knuth, ɗaya daga manyan malaman wannan fanni, ya rubuta manhajar da za ta karanta littafi ta faɗi kalmomin da suka fi yawan fitowa. Ya rubuta mai kyau, ta ci shafi goma da wani abu. McIlroy da aka ba ta ya duba, ya yaba, sa'an nan ya yi aikin da umarni 6 da aka haɗa da bututu: a raba kalmomi, a mai da su ƙananan haruffa, a jera, a ƙirga, a sake jerawa bisa yawa, a ɗauki na sama. Don a yi wa Knuth adalci, shi wata hanyar rubutu ya ke son nunawa, ba tsere ya shiga ba. Duk da haka darasin ya tsaya. Umarnin nan shida, wanda ya yi wata guda yana koyo zai iya karanta su.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi. Su kan ce duk abin Turanci ne, ina wanda bai yi nisa a boko ba zai kai? Gaskiya ne littattafan bayani da ke cikin Linux, waɗanda a ke buɗewa da umarnin man, yawancinsu da Turanci su ke, kuma Turanci mai tauri. Gaskiya ne in an yi kuskure da Turanci za ta yi ƙorafi. Amma umarnin da a ke aikin yau da kullum da su ba su wuce talatin ba, kuma ko Bature sai an koya masa su, gama ba wanda aka haifa ya san ma'anar grep ko chmod. Direban da bai taɓa shiga aji ba ya san giya da birki da kuloci da kafireto, ya kuma san ciwon kowannensu daga ƙara. Ba wanda ya ce masa ya bar mota sai ya ci jarrabawar Turanci. Wanda ya iya haɗa baƙi da wasali yana da shekara arba'in, bayan an gaya masa lokacinsa ya wuce, kalma talatin ba za ta gagare shi ba.

Sai hujja ta uku, wadda ita ce ta gaskiya, kuma a nan ya kamata a daɗe. Su kan ce allon nan yana da haɗari. Lalle yana da shi. Shel ba ya tambaya, ba ya jinkiri, ba ya tausayi. Akwai umarni mai suna rm, aikinsa sharewa. In aka ƙara masa -rf, sai ya share jaka da duk abin da ke cikinta, da jakunkunan da ke cikin jakunkuna, ba tare da ya ce uffan ba, kuma babu kwandon shara da za a koma a tsinto. Amma a duba su wa haɗarin ya ke ci.

A watan Janairu na 2015 aka gano wani layi a cikin takardar umarnin wata manhajar wasanni mai suna Steam. Ga shi:

rm -rf "$STEAMROOT/"*

Kalmar nan mai alamar dala a gabanta laƙabi ce, an shirya ta riƙe adireshin jakar Steam, don a share abin da ke cikin wannan jaka kaɗai. Wani mutum ya ɗauke jakar ya kai wani wuri, sai laƙabin ya tashi fanko. To, in aka cire laƙabin daga layin, abin da ya rage shi ne karkataccen layi da tauraro. A Linux kuwa karkataccen layin nan shi kaɗai yana nufin tushen dukan jakunkuna, tauraro yana nufin kome. Umarnin ya koma cewa a share kome daga tushe. Ya share duk fayilolin da mutumin ke da iko a kansu, har da na'urar ajiyar da ya jona don ta riƙe masa kwafi. Mutumin nan ba shi ya rubuta layin ba. Hoto ya danna. Dannawa ba ta tsare shi daga umarni ba, ta dai ɓoye masa shi. A bayan kowane hoto akwai rubutu, kamar yadda a bayan kowane dangwale akwai takarda.

Irin wannan ya sami jami'ar Kyoto ta ƙasar Japan a watan Disamba na 2021. Akwai wata takardar umarni a babbar kwamfutarsu wadda cikin aikinta har da share tsofaffin fayilolin rajista da suka wuce kwana 10. Kamfanin da ke kula da na'urar ya gyara takardar, ya ɗora sabuwa a kan tsohuwa alhali tsohuwar tana cikin aiki. Shi kuwa bash ba ya haɗiye takarda gaba ɗaya, bi ya ke yi yana karantawa yana aikatawa. Sai ya ci gaba daga tsakiyar sabuwar, inda laƙuban ba su riƙe kome ba. Daga 14 zuwa 16 ga wata aka share fayil wajen miliyan 34, nauyin terabait 77, na ƙungiyoyin bincike 14. Kamfanin ya fito ya ce laifinsa ne.

Mai ɗaure wa dangwale gindi zai ce, to ga shi nan, in gwanaye sun yi wannan ɓarna, ina ga ɗan koyo? Amma duka kuskuren biyu, wanda ya yi wata uku yana koyon shel zai gane su in an nuna masa, kuma maganinsu gajere ne: layi guda a sama wanda zai ce in laƙabin fanko ne a tsaya, kada a share kome. Wuta tana ƙona gida, ba a kuwa taɓa jin an hana 'ya'ya mata koyon girki saboda haka ba. Koya musu a ke yi inda a ke ajiye kananzir.

Wannan koyo shi ne rabi na biyu na sana'ar, watau kula da kwamfuta, kuma yawancinsa hali ne, ba haddar umarni ba. A Linux kowane fayil yana da mai shi, yana kuma da izini iri uku, na karantawa da na rubutawa da na gudanarwa, ga mai shi, da ƙungiyarsa, da sauran jama'a. Akwai kuma mai gida, wanda a ke kira root, shi ba a hana shi kome. Mai kula na ƙwarai ba ya zama a matsayin mai gida yini guda. Yana aikinsa a matsayin kowa, in buƙata ta taso ya ari ikon da kalmar sudo don umarni ɗaya, ya mayar, kamar yadda mai hankali ba ya zuwa kasuwa da makullin rumbu a rataye a wuya. Yana leƙa kundin rajista da ke cikin /var/log, inda kwamfuta ke rubuta abin da ya same ta, wa ya shiga, wa ya gwada shiga aka hana shi, wace na'ura ta fara ciwo. Sau da yawa kwamfutar da mai gyara ya ce sai an goge ta, ta riga ta rubuta ciwonta a nan da kwanan wata, ba a dai sami mai karantawa ba. Yana kuma yin kwafin ajiya. Mai shago zai iya rubuta wannan:

cp -r /home/shago/lissafi /mnt/ajiya/$(date +%F)

Ma'anarsa a kwafi jakar lissafi duka a kai na'urar ajiya, a sa mata kwanan watan yau ya zama sunanta. Sa'an nan ya ba wani ma'aikaci mai suna cron, wanda aikinsa duba agogo, ya ce kullum ƙarfe 9 na dare a yi wannan. Muddin na'urar tana kunne, in wuta ta yarda, ba zai mance ba ko ran salla.

Amma yin kwafi bai isa ba sai an gwada shi. A 1998, a kamfanin Pixar na Amurka, ana cikin shirya fim ɗin Toy Story 2, wani ya ba da umarnin sharewa a inda bai kamata ba, kusan kashi 90 cikin ɗari na aikin ya tafi. Aka ce ba kome, akwai kwafi. Da aka buɗe kwafin sai aka tarar ya daɗe da lalacewa ba wanda ya duba. Abin da ya cece su, wata ma'aikaciya, Galyn Susman, ta haihu tana aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar da barguna aka ɗauko ta a mota kamar mai jinya.

A 'yan shekarun nan wata sabuwar hujja ta fito. Tun da ChatGPT ya bayyana a ƙarshen 2022, shi da ire-irensa, mutum na iya faɗin abin da ya ke so da maganar yau da kullum, na'ura ta rubuta masa takardar umarni cikin daƙiƙa. Sai a ce to me ya rage na koyo? Tsofaffi sun san wannan mutum. Shi ne mai rubuta wasiƙa da ke zama da teburinsa a bakin gidan waya. Yana da amfani, yana da sauri, ya fi mai wasiƙar iya tsara magana, har waɗanda suka iya karatu su kan je wurinsa. Bambancin, wanda ya iya karatu yana karɓar wasiƙar ya duba kafin a liƙe ambulan. Na'urorin nan su kan yi daidai sau da yawa, su kan kuma yi kuskure, kuma da murya ɗaya su ke faɗin daidai da kuskure. Layin Steam ɗin nan, a ido yana da kyau. Wanda ya kwafo umarnin da bai fahimta ba, daga na'ura ko daga intanet, ya sa sudo a gabansa ya danna, ya yi dangwale da hannun mai gida. Yawaitar masu rubutawa ta sa an fi buƙatar masu karantawa.

Ba a ce don Linux a buɗe ya ke shi ke nan an tsira ba. A 2014 aka gano wata ɓaraka a cikin bash wadda ɓarawo zai iya shiga ta cikinta, aka bincika aka ga tun 1989 ta ke nan, shekara 25 a fili kowa na wucewa. A watan Maris na 2024 kuma wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa. Maimakon ya share zancen sai ya bi sawu, ya tarar wani ya shafe kusan shekara biyu yana neman amincewar masu kula da wata ƙaramar manhaja mai suna xz, har ya dasa ƙofar sata a cikinta, kuma da takardun umarni masu murɗaɗɗen rubutu ya ɓoye ta. An kama abin kafin ya bazu. Buɗaɗɗen littafi ba ya karanta kansa. Amfaninsa dai, duk wanda ya iya karatu ba mai hana shi dubawa, abin da rufaffiyar manhaja ba ta yarda da shi ba ko mutum ya kai wa ya kai.

Su ma gwanayen suna da nasu laifi, kuma ba ƙarami ba ne. Da yawansu in ɗan koyo ya yi tambaya sai su amsa da gatse, su ce ya je ya karanta littafin bayani, littafin da aka rubuta don wanda ya riga ya sani. Waɗansu kuma ɓoye ilimin su ke yi da gangan, domin a nan abincinsu ya ke. Ba baƙon abu ba ne a sami ofis ko asibiti ko makaranta inda rajistar mutane dubbai ke cikin kwamfuta guda, kalmar sirrin mai gida kuwa tana hannun ɗan kwangila ɗaya da ke wani gari. Ran da aka saɓa da shi a kan kuɗi, ko ya yi tafiya, ko ta Allah ta kasance, ma'aikata ashirin su zauna suna kallon akwatin da ke ɗauke da aikinsu, ba mai iya ce masa buɗe. Shugaban da ya bar ofishinsa a haka don an gaya masa baƙin allo ba na ma'aikatansa ba ne, ya ba da makullin gidan da aka ba shi amana.

Kayan koyo kuwa ba su da tsada. A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinsa na gama-gari ga Windows 10, Windows 11 kuma ba ta karɓar tsofaffin na'urori da yawa, irin waɗanda suka cika kasuwannin kayan hannu. Waɗannan na'urori lafiyarsu ƙalau, Debian ko Linux Mint za su zauna a kansu. Ana iya ma zuba Linux a 'yar filasha a tayar da kwamfuta daga cikinta, a yi koyo a cire, ba a taɓa abin da ke ciki ba. Wanda ba shi da kwamfuta sam, akwai manhaja mai suna Termux da ke buɗe shel a kan wayar Android.

Mai farawa ya buɗe jaka guda ta gwaji, ya cika ta da fayilolin banza, ya yi mako yana shiga yana fita da cd, yana dubawa da ls, yana kwafa yana ɗaukewa. Ya sami littafin rubutu na takarda, duk umarnin da ya koya ya rubuta shi da ma'anarsa da Hausa, gama wannan littafi zai fi masa na Turancin amfani, zai kuma amfani na bayansa. Duk layin da ke da rm, ya fara sa echo a gabansa, sai shel ya nuna masa abin da zai aikata ba tare da ya aikata ba. A mako na huɗu ya rubuta takardar kwafin ajiyarsa, ya ba cron, ya kwana. Da safe ya zaɓi fayil guda ya share shi da gangan, sa'an nan ya je ma'ajiya ya dawo da shi, ya buɗe ya karanta ya ga ko shi ne.